Wanda ya rubuta Dodo shi ya rubuta Gizo

Masu zana jarrabawa Allah Ya ba da sa'a. Waɗanda suka samu hutu kuma a daure a kama wa iyaye aiki, kada waya ta cinye ranar gaba ɗaya.

Yau maganar fim za mu yi, amma ba ta jarumai ba. Da zan shiga kowane aji a Gwarzo ko Kabo in ce a lissafo mini 'yan wasan barkwanci biyar, kafin in rufe baki an kawo marigayi Ibro da Bosho da Daushe da Naburaska da Baba Ari, har da gyara. In kuwa na ce a faɗa mini sunan mutum ɗaya da ya zauna da takarda ya tsara abin da ya ba mu dariyar, sai ajin ya yi tsit kamar malamin lissafi ya shigo da bulala.

Ku ɗauki Mr. Bean, wanda ko ƙannenmu na firamare sun san fuskarsa. Mutumin nan da kyar yake furta kalma goma a shiri guda, shi ya sa da yawa suke ɗauka shirme kawai yake zubawa a gaban kyamara. Alhali duk wata faɗuwa da zare ido da kunyar da yake sha, a rubuce suke tun kafin a kunna fitila. Rowan Atkinson ne yake wasan, amma shi da Richard Curtis suka ƙirƙiro shi, kuma da wani Robin Driscoll aka riƙa rubutawa. Kashi 15 kacal ne ainihin shirin, daga 1990 zuwa 1995, ga shi har yau ana tura wa juna shi a waya. Ashe ko wasan da babu magana a cikinsa sai an rubuta.

Akwai wani marubucin fim ɗan Birtaniya da nake so mu duba yadda aikinsa ya gudana, domin akwai abin ɗauka a ciki ga mai ƙaramin ƙarfi irinmu. Sunansa Jimmy Sangster. An haife shi a 1927 a arewacin Wales, ya mutu a 2011. Yana ɗan shekara 16 ya shiga harkar fim a matsayin ƙaramin yaron aiki. Daga baya ya samu gurbi a wani ɗan kamfani mai suna Hammer, ya riƙa hawa mataki-mataki, daga ƙaramin mataimakin darakta har ya zama manajan shiri, wato mutumin da lissafi ke hannunsa: kwana nawa za a yi ana ɗauka, mota nawa za a yi haya, mutum nawa za a ciyar. Rubutu ba shi ya kawo shi ba. Kamfanin ne ke neman labari, ya kawo shawara, aka ce to tunda kai ka kawo, je ka rubuto. Haka aka samu fim ɗin X the Unknown a 1956.

Shekaru ukun da suka biyo baya su suka yi masa suna. A 1957 ya rubuta The Curse of Frankenstein, a 1958 Dracula, a 1959 The Mummy. Duka ukun Terence Fisher ne ya ba da umarni, Peter Cushing da Christopher Lee suka fito a ciki. Su suka mayar da Hammer gidan fim ɗin ban tsoro da duniya ta sani. Lee da Cushing suka zama taurari, shi kuwa mai alƙalamin, sai wanda ya tsaya karanta sunayen da ke wucewa a farkon fim.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ya yi da Dracula. Labarin asalinsa littafi ne da Bram Stoker ya fitar a 1897, a kan wani basarake mai shan jinin mutane. A littafin, yakan rikiɗe ya zama jemage ko kyarkeci, kuma ta jirgin ruwa ya ƙetara zuwa Ingila. Sangster, da yake tsohon mai riƙe da jakar kuɗi ne, ya san kamfaninsu ba shi da kuɗin jirgin ruwa, ba shi da na rikiɗa. Ɗakin ɗaukar fim ɗinsu ma wani tsohon gida ne a Bray, a bakin kogin Thames. Sai ya soke jirgin, ya soke jemagen, ya matso da garuruwan labarin kusa da juna yadda keken doki zai iya kai mutum. To me ya rage na ban tsoro? Ga shi: farkon fitowar Dracula, inuwa ce tsaye a saman matakala. Mai kallo ya gama shirin ganin dodo mai fiƙoƙi. Sai inuwar ta sauko da sauri, ta zama wani dogon mutum mai tsafta, ya yi wa baƙonsa maraba cikin ladabi, har ya ɗaukar masa jaka ya raka shi ɗaki. Sannan ya rufe ƙofa ta waje. Rashin kuɗi ne ya tilasta wa marubucin ya yi tunani, tunanin kuma ya fi jemagen roba ban tsoro nesa ba kusa ba.

Da ya gaji da dodanni sai ya koma ga mutane. Taste of Fear na 1961 da The Nanny na 1965 babu fatalwa ko ɗaya a cikinsu, 'yan gida ɗaya ne ke cin amanar juna. A 1968 kuma ya juya wani wasan dandamali ya zama fim ɗin barkwanci mai ɗaci, The Anniversary, inda Bette Davis ta fito a uwa mai ido ɗaya da ta hana 'ya'yanta maza uku sakat. A 1970 ya sake ɗauko Frankenstein ɗinsa ya yi masa shaƙiyanci a The Horror of Frankenstein, wanda shi da kansa ya ba da umarni, kuma bai samu karɓuwa ba. Ba kullum ake kwana a gado ba. Daga nan ya koma Amurka yana rubuta wa talabijin. Da ya zo rubuta tarihin rayuwarsa a 1997, sunan da ya sa wa littafin tambaya ce irin ta ma'aikacin da furodusa ya matsa wa lamba, ma'anarta: kana son aikin ya yi kyau, ko kana son shi ranar Talata? Duk telan da ya taɓa karɓar ɗinki ana jibi Sallah zai gane wannan tambaya.

Mu dawo gida, domin mu ma muna da namu. Fim ɗin da ake ƙirga tarihin Kannywood daga kansa, Turmin Danya na 1990, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta shirya, marigayi Aminu Hassan Yakasai ne ya rubuta shi, Allah Ya jiƙansa. Wato tun ranar farko da marubuci aka fara. A yau akwai irin su Yakubu M. Kumo da Hajiya Fauziyya D. Sulaiman, waɗanda da yawanmu mun sha kallon aikinsu ba mu san nasu ba ne. Amma wanda tafiyarsa ta fi kama da ta Baturen can shi ne Malam Nazir Adam Salih. Daga rubutun littafi ya taso, a zamanin da adabin kasuwar Kano ke tashe, kuma yayyenmu da suka karanta irin su Kibiyar Ajali da Zayyana sun san shi da labari mai sarƙaƙiya da ɗaga hankali. Ya shiga rubutun fim, yana cikin marubutan Daɗin Kowa na tashar Arewa24, sannan shi da Falalu A. Ɗorayi suka kawo mana Gidan Badamasi.

Ku tsaya ku dubi Gidan Badamasi da kyau. Tsoho ne mai dukiya, ga tarin 'ya'ya daga uwaye daban-daban, sun taru a gida ɗaya, kowa idonsa na kan abin da zai samu. Ku cire dariyar, ku rage hasken fitila, ku sa kiɗa mai sanyi. Me ya rage? Gida cike da mutanen da ke lissafin abin hannun mahaifinsu yana raye. Wannan ai ƙashin bayan labarin ban tsoro ne. Abin da ya sa muke tuntsirewa maimakon mu firgita shi ne inda marubuci ya zaɓi ya karya kowace fitowa. A ganina ba haɗari ba ne a ce hannun da ya iya tsorata mai karatu shi ya iya ba shi dariya. Sana'ar ɗaya ce.

Kakanninmu sun riga kowa sanin haka. A tatsuniya guda Dodo zai fito, yara su matso jikin kaka, kafin a jima Gizo ya yi masa wayo da tsamin bakinsa, a fashe da dariya. Kura ita ce abar tsoro, ita ce kuma sakarar da kullum ake yi wa dabara. Haka Alhaji Abubakar Imam ya yi a Ruwan Bagaja, wanda ya rubuta don gasar 1933 yana ɗan shekara 22: ana cikin dariyar ƙeta tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe, sai ga mu a ƙasar aljanu. (Af, ita ma Mary Shelley mai littafin Frankenstein tana 'yar shekara 18 ta fara rubuta shi. Masu cewa sai sun girma za su fara, a ji da kyau.)

Bari in nuna muku da misali na ƙirƙira. Wani ɗalibi, mu kira shi Sabi'u, yana dawowa daga karatun dare a bayan garin Getso. An ɗauke wuta, cajin wayarsa ya ƙare. Hanyar gida dole ta bi ta gindin wata tsamiya da tun yana yaro ake hana su zama a ƙarƙashinta da tsakar rana. Ya hango wani farin abu tsaye a wurin. Ya tsaya, abin bai motsa ba. Ya yi gyaran murya, shiru. Ya fara karanta duk addu'ar da ta zo bakinsa, har da ta cin abinci. Ya taka ɗaya, abin ya ɗan karkata. Ya yi sallama da rawar murya.

Har zuwa nan, shafin marubucin ban tsoro da na marubucin barkwanci iri ɗaya ne, kalma da kalma. Dukansu sun ɗaure mai kallo, sun hana shi numfashi. Bambancin layi ɗaya ne mai zuwa. Idan aka amsa sallamar a hankali, aka kira shi da sunan da kakarsa kaɗai ke kiransa da shi, ita kuwa bara aka binne ta, to yau babu barci. Idan kuwa farin abin ya yi atishawa, ya zama kawunsa ne cikin farar jallabiya yana neman sabis don ya kira bazawarar da yake ɓoye wa mutan gida, kuma shi ma tun ɗazu tsoro ya hana shi motsi, to sai riƙe ciki. Jiran shi ne jarin. Wanda bai iya sa mutum jira ba, ba zai tsorata shi ba, ba kuma zai ba shi dariyar kirki ba.

A nan ne nake ganin matsalar da yawan fina-finanmu na aljanu. Minti biyu da farawa an nuna mana aljanin: an shafa wa mutum farar hoda, an zizara masa jan-baki har kunne, an sa masa dariyar nan mai amsa-kuwwa, ya ɓace fat ya bayyana fat. Maimakon a firgita sai a kama dariya, kuma ba dariyar aka nufa ba. Akan ce rashin kayan aiki ne. Ban yarda ba. Hammer ma ba su da jirgin ruwa. Abin da aka rasa shi ne wanda zai zauna ya yanke shawarar abin da za a ɓoye.

Ɓangaren barkwanci kuwa wata gadon muka ci. Sanannen abu ne cewa yawancin fina-finan camama ba a rubuta musu cikakkiyar magana, gundarin labari ake ba ɗan wasa ya ƙarasa da bakinsa. Ga mai baiwa irin ta Rabilu Musa Ibro, Allah Ya gafarta masa, wannan ya wadatar, don shi ko tsayuwa ya yi abin dariya ne. Amma tun da ya rasu a Disambar 2014 ake ta neman mai maye gurbinsa, an manta cewa irin wannan baiwa ba a sayo ta a kasuwa. Abin da ake iya koya, a kuma koyar, shi ne rubutu. Yanzu ku duba gajerun bidiyon da samarinmu ke ɗorawa a TikTok da YouTube. Akwai masu hazaƙa sosai a ciki, wallahi. Sai dai kashi mafi yawa ƙarshensu ɗaya ne: a yi ihu, a yi zagi, wani ya bi wani da gudu. An kunna kyamara ba a san inda za a tsaya ba.

To, duk wannan maganar gwaninta ce. Ga abin da ya sa na ce ya shafe mu mu 'yan yammacin Kano kai tsaye.

Ku lura da inda ƙauye yake fitowa a fina-finanmu. Idan ana son dariya, sai a ɗauko baƙauye a kawo shi birni da buhu a ka, ya ga firji ya yi masa sallama, ya sha ruwan wanke hannu. Idan ana son tsoro, sai a ɗauki kyamara a nufi ƙauye, a nemo bukka da tsohuwa mai jan ido, a ce ga mayya. A na farko mu ne wawaye, a na biyu kakanninmu ne mayu. Waye baƙauyen nan? Mutumin Kutama ne da Lakwaya da Durun da Gammo, wanda masara da dawar da ya noma ake ci a birnin. Ban ce kada a yi wasa da mu ba, Bahaushe da barkwanci aka san shi, tsakanin Kanawa da Zagezagi ma ai ba a raga wa juna. Amma wasan taubasai kowa na ramawa. Wannan kuwa gefe ɗaya ne ke riƙe da alƙalami.

Na wawan ma da sauƙi, haushi ne kawai. Na mayyar akwai rai a ciki. A watan Fabrairun 2025 Babbar Kotun Jihar Kano ta yanke wa mutum biyar hukuncin kisa saboda kashe wata dattijuwa mai shekara 67 a wani ƙauye na Ƙaramar Hukumar Wudil a 2023, bayan an zarge ta da maita. Mafarin zargin, kamar yadda aka bayyana, mafarki ne matar ɗaya daga cikinsu ta yi. Ban ce fim ne ya kashe ta ba, zargin maita ya girmi kyamara. Amma yaron da ya tashi yana ganin cewa duk tsohuwar da ke zaune ita kaɗai, ba ta da gata, tana magana da kanta, ita ce ke kama kurwar yara, kuma a ƙarshen fim jama'a sun taru a kanta an yi tafi, me muka koya masa ya yi ranar da ƙanwarsa ta kwanta zazzaɓi? A kowace unguwa a garuruwanmu akwai irin wannan tsohuwa. Wata ma makwabciyarmu ce, mu ke ɗebo mata ruwa.

Haka batun ciwo. Mu Musulmi ne, mun yi imani da samuwar aljanu, sura guda ce a Alƙur'ani da sunansu, babu mai jayayya a nan. Amma farfaɗiya ciwon ƙwaƙwalwa ce da ake shan magani a samu sauƙi, kuma taɓin hankali yana da likitocinsa, ga asibitin Dawanau nan a Kano. Idan kowane fim ya nuna duk wanda ya faɗi yana kumfa a matsayin mai iska, 'yar ajinku mai farfaɗiya ce za ta biya kuɗin: a guje ta, a ƙi cin abinci da ita, a kai ta ko'ina ban da asibiti. Masu kallon fassarar Indiya za su tuna Bhool Bhulaiyaa na 2007, na Akshay Kumar da Vidya Balan. An tsorata mu, an ba mu dariya, a ƙarshe ta bayyana cewa matar rashin lafiyar ƙwaƙwalwa ke damunta, kuma likita aka nemo. Fim ɗin bai rasa ko ɗigon armashi ba don ya faɗi haka. Wani ne ya zaɓi ya rubuta shi a hakan.

Shi ya sa nake cewa kujerar marubuci ta fi ta jarumi nauyi, kuma ita ce babu layi a kanta. Kowa so yake a gan shi. A kulob ɗin wasan kwaikwayo na makarantunmu akan yi rigima a kan wa zai fito a sarki, amma in aka ce wa zai rubuto, sai a bar wa malamin Hausa.

Kuma kayan aikin suna nan zube a gabanmu. Wanda ya tashi a Kabo ya san yadda bakin dam ɗin Guzuguzu yake idan magariba ta kawo jiki, ya san labaran 'yan ruwa da ake ba yara don kada su matsa. Wanda ya yi makarantar kwana ya san labarin takun takalmin da ake ji a baranda da tsakar dare. 'Yan Kudu sun ɗauki nasu, Madam Koi-Koi, sun yi fim da shi har ya hau Netflix a 2023. Mun san ƙarar karan dawa idan iska ta bi ta cikinsa da daddare, mun san shirun gari ranar da aka yi rasuwa, mun san yadda mota ke mutuwa a hanyar Dayi inda babu gida gaba babu gida baya. A gefen dariya kuma, wa ya kai mu? Zaman majalisar masu shayi, cinikin akuya ranar kasuwa, tashe da azumi, dattijon da ya karɓi kuɗin 'yan siyasa uku ya rantse wa kowannensu, ɗalibin da ya yi zango ɗaya a jami'a ya dawo yana tambayar sunan tuwo da Turanci. Wannan na ƙarshen ai shi ne ramuwar baƙauyen da ya gaida firji, kuma babu mai rubuta shi daidai sai wanda aka yi abin a gabansa.

Darasin Sangster a nan yake aiki. Kada ka rubuta abin da ba ka da shi. Kana da waya ɗaya, abokai huɗu, soron gidanku, tocila da akuya? To rubuta labarin da zai ƙare a soro da mutum huɗu da tocila da akuya. Kada ka sa aljani ya tashi sama tunda ba ka da abin ɗaga shi. Sa a ji motsinsa a bayan ƙyaure. Wanda ya san farashin kowace fitowa tun yana rubutu, shi furodusa ke sake nema.

Iyakokin da muke da su ma ba a kanmu aka fara ba. Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano tun 2001 take, kuma ba wasa take yi ba, Ibro kansa ya sha ɗaurin wata biyu a 2008. Su ma Hammer a zamaninsu sai sun kai rubutun fim gaban hukumar tacewa ta Birtaniya kafin su ɗauka, ana kuma soke musu abubuwa. Wanda ya dogara da tsiraici ko ashar ko jini don ya ja hankali, da an hana shi ya tashi a tutar babu. Wanda ya iya sa mutum jira, babu abin da almakashi zai cire masa. Ni dai ina ganin iyaka irin ta tarbiyyarmu ta fi cutar malalacin marubuci.

Ba zan ɓoye muku ɗacin sana'ar ba. Marubuta a Kannywood sun daɗe suna kukan cewa su ake fara nema, su ake mantawa in an zo rabo. Sau da yawa sallama ɗaya ake yi wa mutum, fim ya yi ta kawo kuɗi a YouTube shekara da shekaru ba shi da ko sisi. Wani ma labarin zai bayar a karanta, a ce bai yi ba, bayan wata shida ya gan shi a allo da sunan wani. Don haka duk wanda zai shiga, ya riƙe kwafin aikinsa mai kwanan wata, kada ya miƙa cikakken labari sai an yi yarjejeniya a rubuce da shaidu, ko da da ɗan uwansa ne. Nijeriya na da Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka, da sabuwar dokar da aka sa wa hannu a 2023, amma doka ba ta aiki ga wanda ba shi da takarda. A Amurka, a shekarar 2023 ɗin nan, marubutan fim sun ajiye alƙalami kwana 148, manyan shirye-shirye suka tsaya cak har sai da kamfanoni suka zauna da su. Mu ba mu kai nan ba. Kuma kada wani ya je ya ce wa Baba na ce a bar karatu a kama fim. Malam Nazir da littafi ya fara, Imam malamin makaranta ne a Katsina lokacin da ya rubuta Ruwan Bagaja. Ga mai son ya karanci abin a jami'a, hanyarmu ta zuwa birni ma ta ƙofarsa take bi: in ka wuce Rimin Gado da Janguza, sabon mazaunin Jami'ar Bayero na nan, kuma ana koyar da wasan kwaikwayo da aikin jarida. A Jos kuma akwai Cibiyar Koyon Fim ta Ƙasa.

Ga aikin gida, tunda fili na ɗalibai ne. Kowa ya zaɓi wuri ɗaya a garinsu da yara ke tsoron bi da daddare, ya rubuta fitowa guda mai shafi ɗaya, ya yi mata ƙarshe biyu, ɗaya na tsoro ɗaya na dariya. Sharaɗi uku: babu boka, babu tsohuwa mayya, babu baƙauyen da bai san firji ba. In kun gama, kada ku fara kai wa abokai, za su ce ya yi don kunya. Ku tara ƙannenku bayan sallar isha'i ku karanta musu. Idan a na farko ba su matso kusa da ku ba, a na biyu kuma ba su yi dariya ba, a sake rubutawa. Wanda nasa ya ci wannan jarrabawa ya aiko wa wannan fili ta hannun edita, da sunan makarantarsa da ajinsa, za mu buga guda biyu da suka fi.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu duba yadda ake tsara shafin rubutun fim: inda ake sa wuri da lokaci, inda ake sa motsi, da inda magana ke shiga.